Nuraddeen Biyu, Baƙo Ɗaya

Duk wanda ya taɓa zama a kan bencin Muntari mai gem, wato gidan wasan ƙwallon talabijin, a Anka ya san dokar gidan, kuma doka ɗaya ce tal. Da ladan ya ce Allahu Akbar, Muntari zai miƙe ya ɗauki alli, ya rubuta sunayen masu bugawa a baƙin allon da ke bayan ƙofa, ya rubuta ci, ya rubuta minti, sannan ya zagaya baya ya kashe janareto. Ko kana gaban gola ne ƙwallo na ƙafarka, wannan kai ta shafa. In an idar da salla sai a dawo a tayar da wasa sabo, a ɗora daga inda allo ya ce. Ba a kuma goge rubutu sai mutum biyun sun dawo sun ƙarasa. An taɓa yin wani ci da ya kwana ashirin da ɗaya a allon nan, saboda ɗaya daga cikinsu ya tafi Sakkwato jinyar Innarsa. Da ya dawo ya tarar da biyu da ɗayansa na jiransa.

Dokar tana da asali. Muntari mutumin Yargalma ne, kuma a da niƙan dutsen zinariya yake yi a tsakar gidansa kamar sauran maƙwabtansa. Shekarar da gubar dalma da ke cikin ƙurar dutsen ta shiga ƙauyukan nan, 'yarsa Hafsa tana cikin waɗanda suka tafi, tana da shekara biyu. Shi da matarsa Saude ba su yi faɗa ba, ba su zagi juna ba, kawai dai sun kasa haɗa ido ne, har auren ya mutu da kansa. Ya tattara abin da ya rage masa ya taho Anka ba tare da ya san me zai yi ba. Malam Sulaiman, limamin masallacin unguwar, shi ya ba shi shagon da ke jingine da bangon masallaci. Da ya ji sana'ar da za a yi a ciki sai ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Ban san wanga abu ba, ba ni kuma hana abin da ban sani ba. Amma injinka ya yi shiru tun daga kiran salla har a sallame. Ka ɗauka?" Muntari ya ce ya ɗauka. Malam ya rasu shekara shida da suka wuce, alkawari kuwa yana nan.

Shagon ya yi zamani, wannan ba a musu. Talabijin uku, na'urar wasa ta PS uku, benci huɗu, da tulun ruwa a bakin ƙofa. Daga azahar zuwa magariba ba ka samun wurin sa ƙafa. 'Yan sakandare, masu ɗinki, direbobin tasha, har da wani ma'aikacin asibiti mai tumbi da yake ɓoye babur ɗinsa a lungu don kada a ce an gan shi. Wanda aka ci ya tashi, wanda ya ci ya zauna, 'yan kallo kuma su yi ta zuga. Muntari ba gwani ba ne, ko kusa. In ya riƙi fad, wato abin da ake dannawa a hannu, sai ka ga ɗan wasansa ya nufi ragar gida da gudu. Shi dai aikinsa alƙalanci da raba gardama da tsokana. Ya san wanda in an ci shi sai ya ce fad ne ya lalace, ya san wanda ba ya cin abinci ranar da ya sha kashi. A ɗakin da ke bayan shagon yake kwana shi kaɗai, amma a shekarun nan bai taɓa jin cewa shi kaɗai ne ba.

Sai wayoyi suka fara girma a hannun mutane. Da farko bai damu ba, don ya ga ƙwallon waya, 'yan wasan kamar tururuwa, ya yi dariya ya ce wannan ai wasan mata masu jego ne. Amma ƙwallon waya ya yi ta gyaruwa, aka kuma kawo wasu wasannin na harbi da na tsere da ake bugawa da mutanen da ke wasu garuruwa. Ga shi kyauta ake sauke su, in dai kana da data. Ga hanyoyi sun lalace da tsoro, kowa ya fi son la'asar ta same shi kusa da gida. Benci huɗu suka koma uku, uku suka koma biyu.

Ana cikin haka aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya saboda matsalar tsaro. Wayoyi suka koma fitilar hannu. Cikin mako guda shagon Muntari ya cika har waje, waɗanda suka shekara biyu ba su leƙo ba suka dawo suna kiransa Yaya Muntari kamar jiya aka rabu. Allah Sarki, mutumin nan ya ɗauka ƙauna ce ta dawo da su. Ya fito da bencinan da ya jingine, ya sake wa allo baƙin fenti, yana gaya wa duk wanda ya saurare shi cewa ai dama ya faɗa, yayi ne kuma ya wuce. Ranar da aka buɗe layi, yana tsaye yana kallo wayoyi suka fara ƙara a aljihuna ɗaya bayan ɗaya. Kafin wata ya ƙare ya sake jingine bencinan.

Daga nan abin bai sake miƙewa ba. Yakan buɗe da hantsi ya share, ya goge talabijin, ya jera fad a kan tebur, ya cika tulu. Wata rana mutum biyu su zo, wata rana ba kowa. Yakan kunna wasa ya bar na'ura tana buga wa kanta, don dai a ji ihun 'yan kallo daga waje a zaci da mutane. Kewa ta dame shi ƙwarai, irin wadda ba ka da wanda za ka gaya wa, domin waɗanda za ka gaya wa ɗin su ne suka tafi.

Labari ya iso masa cewa wani Almustapha ya buɗe gidan gem a Gummi, kuma can sauran gwanayen suka koma. Gani ya kori ji. Wata Asabar ya rufe shago ya shiga mota.

Abin da ya gani ya kashe masa jiki. Ba ƙarar inji, don hasken rana ake tarawa a batura. Kujeru masu taushi, talabijin kamar ƙofar ɗaki, sabuwar na'ura fara wadda ko faifai ba a sa mata, ta intanet ake sauke wasa. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne shirun wurin. Kowa ya toshe kunne da abin sauraro, kowa da abokin karawarsa a wani gari. Mutum goma sha wani abu a ɗaki, ba mai zolayar wani. Ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu, ba wanda ya ɗago.

Sai wani dogon saurayi ya cire abin kunnensa ya miƙe. Nuraddeen ne, ɗan Bukkuyum, wanda ya yi sakandare a Anka ya kuma koyi riƙon fad a bencin Muntari. Yanzu malamin firamare ne a garinsu, duk Asabar yake zuwa Gummi.

"Yaya Muntari! Kai na yau a Gummi?"

"Ni na. Na taho in ga abin da yat tahi min da mutane."

Nuraddeen ya yi dariyar jin kunya, ya ja shi waje, ya saya masa fura. A nan ya ba shi labari cewa wani kamfani ya shirya gasar ƙwallon gem ta intanet, mutum ɗaruruwa suka shiga daga ko'ina a Arewa, shi kuma ya kai wasan kusa da na ƙarshe. In ya ci wannan, za a kai shi Abuja a buga na ƙarshe a gaban jama'a. Saura mako uku.

Muntari ya ajiye ludayi. Wani tunani ya faɗo masa, bai kuma tsaya auna shi ba. "In na kawo irin wagga na'ura, da intanet ɗin, ka taho ka buga shi wurina?"

Nuraddeen ya waiwaya. Ya dubi ƙofar shagon Almustapha, ya dubi mutumin da ya sha ba shi fad kyauta a ranakun da aljihunsa ba komai. "In ka kawo, ni taho. Kuma ba ni kaɗai ba. In sunka ga wuri ya gyaru, wallahi Anka ta hi ma wasunmu kusa."

Wannan magana Muntari ya riƙe. Ya sayar da babur ɗinsa da biyu daga cikin tsofaffin talabijin, ya tafi Gusau ya dawo da farar na'ura wadda wani ya taɓa amfani da ita da akwatin intanet mai 'yan fitilu kore. Batura da faifan hasken rana kam sun fi ƙarfinsa, ya ce janareto ya isa, an yi masa sabis. Ya san sarai abin da ya sa a gaba: in ranar nan ta yi kyau, 'yan Anka da na Bukkuyum za su dawo bencinsa. In ba ta yi ba, ba shi da wani babur da zai sayar.

An sa wasan ƙarfe uku na ranar Asabar. Muntari ya lissafa, ya ga za a gama da sauran lokaci kafin la'asar. Tun da safe ya wanke daɓe, ya fito da benci huɗu, ya aro biyu a wurin mai shayi. Kafin ƙarfe biyu da rabi shago ya cika. Ga 'yan Bukkuyum mota guda, ga tsofaffin 'yan gida, har ma'aikacin asibitin nan ya zo, tumbin ya ƙaru, ya kuma ajiye babur a fili wannan karon. Ana ta gaisawa, ana tuna wanda ya taɓa shan bakwai ba ko ɗaya. Muntari yana yawo tsakaninsu da kofin ruwa, bakinsa ya ƙi rufuwa.

Nuraddeen ya zauna ya gwada intanet, ya ce ba laifi. Sannan ya juyo. "Yaya Muntari, ka ji ko? Wanga wasa ba a tsai da shi. In anka fara sai an ƙare."

"Na ji," in ji Muntari, yana dariya. Shekara goma sha huɗu yana jin wannan magana. Duk wanda yake kan ci haka yake faɗa, wani har da rantsuwa.

Ƙarfe uku ta yi, abokin karawa bai hau ba. Wani ne daga Kaduna, ba a san sunansa ba sai wasu haruffa da lambobi a saman talabijin. Aka aiko saƙo cewa a ƙara masa lokaci. Uku da kwata, uku da rabi, shiru. Sai da ƙarfe huɗu ta kusa sannan ya bayyana, aka take wasa.

Kai, an ga ƙwallo ranar nan. Na Kaduna ya fara zura ɗaya tun minti na tara, shago ya yi tsit. Nuraddeen ya gyara zama, ya farke kafin hutun rabin lokaci. Da aka dawo ya yanke mutum biyu ya ɗaga ƙwallo sama da gola, ta faɗa raga. Ihun da aka yi sai da awakin maƙwabta suka watse. Direbobi suna dukan benci, wani ya rungume Muntari har hularsa ta faɗi. Rabon da bangon nan ya ji irin wannan hayaniya tun shekarar da aka rufe layi. Muntari ya sunkuya ɗaukar hula, ya ji idonsa ya kawo ruwa don daɗi.

Minti na saba'in da takwas a agogon wasa, ladan ya kira la'asar.

Sabo turken wawa. Muntari bai yi shawara da kowa ba, har da zuciyarsa. Ƙafafunsa ne suka kai shi bayan ƙofa, hannunsa ya ɗauki alli. Ya rubuta Nuraddeen, biyu. Ya tsaya kaɗan don bai san sunan ɗayan ba, sai ya rubuta Baƙo, ɗaya. Ya rubuta minti. Idon kowa yana kan talabijin, ba wanda ya ga fitarsa. Ya zagaya baya ya murɗa makunni, kamar yadda ya yi sau dubbai.

Talabijin ya yi baƙi. Fitilun akwatin intanet suka mutu.

Da ya dawo ciki yana karkaɗe alli daga yatsunsa, ya tarar da mutum talatin suna kallonsa ba mai motsi. Nuraddeen yana zaune da fad a hannu, babban yatsansa har yanzu a kan madanni.

"Ku taso mu yi salla," in ji Muntari. "Ci na nan, na rubuta. In mun dawo ku ɗora."

Wani ɗan Bukkuyum ya dafe kai ya ce innalillahi. Wani ya zabura zai yi bayan shago ya tayar da inji, Nuraddeen ya riƙe masa riga. Ya ciro wayarsa ya duba, ya daɗe yana dubawa. A ƙa'idar gasar, wanda layinsa ya yanke ana cikin wasa shi ya gudu, an ba abokin karawarsa nasara. Har an rubuta.

"A kira shi mana," in ji Muntari. "A gaya mai salla munka tashi. Ai shi ma Musulmi na, ko? Ga allo nan, kowa shaida na."

Nuraddeen ya ajiye fad a kan tebur a hankali, ya daidaita shi da sauran. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"Yaya Muntari, na Kaduna bai ga allonka ba. Kuma ba mutum ka yanke hukunci ba, na'ura ta. Na gaya maka ba a tsai da shi."

"Na ɗauka irin maganar da kuka yi ta kullum."

"Na sani," in ji Nuraddeen. "Mu tai mu yi salla."

Aka yi alwala a bakin masallaci. A sahu Muntari ya sami kansa kusa da Nuraddeen, kafaɗa da kafaɗa, bai kuma san me ya karanta ba. Da aka sallame 'yan Bukkuyum suka ce za su kama hanya tun da sauran rana, kuma gaskiyarsu ne, hanyar ba ta yamma ba ce. Nuraddeen ya ba Muntari hannu, ya ce Allah Ya sa haka shi ne mafi alheri. 'Yan gida ma suka zame ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa. Ba wanda ya zage shi. Mai shayi ya aiko a karɓi bencinsa biyu.

Yana tsaye a bakin shago sai ga Malam Isa, limamin da ya gaji Malam Sulaiman, ya fito yana gyara rawani. Ya riga ya ji labari a bakin masu alwala.

"Muntari, ashe abin da yaf faru ke nan? Ai da ka bari sun ƙarasa. Minti nawa ya rage? Mu tun da anka sa sabuwar lasifika ba mu ko jin injinka. Ni ban ma san kana kashe shi ba."

Shekara shida Muntari yana cika alkawari ga mutumin da ke kabari, don kare kunnen mutanen da ba su ma ji. Ya so ya ji haushin wani, ya duba ya rasa wa. Ya ce wa Malam Isa na gode, ya shiga ciki ya kwashe kofuna.

Ya kira Nuraddeen washegari ya ba shi haƙuri. Nuraddeen ya ce ba komai, ya wuce, in ya sami sarari zai leƙo. Da gaske yake ba ya riƙe da shi, ana jin haka a muryarsa. Amma Asabar ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Wani direba ya ce ya gan shi a Gummi wurin Almustapha, an fara sabuwar gasa. Labarin kuma ya riga ya zagaye garuruwan uku, ana ba da shi ana dariya: kada ka buga wasan intanet a Anka, mai gidan da alli yake ajiye ci.

Farar na'urar tana nan a kan tebur, ya lulluɓe ta da ɗankwali saboda ƙura. Ba ya ma tayar da janareto yanzu sai in wani ya shigo, kuma sau da yawa la'asar takan yi ba abin da zai kashe. Duk da haka in ladan ya kira sai ya ji ya miƙe.

Ranar Juma'a yake wanke allo, haka ya saba. Ya jiƙa tsumma ya goge sama, ya goge ƙasa, ya goge gefe. Da ya zo kan layin nan sai ya zagaye shi, domin ba a goge rubutu sai mutum biyun sun dawo sun ƙarasa. Ya san ɗaya yana Gummi, ɗayan kuma bai ma san akwai wani shago a Anka ba. Damina ta shigo, danshi ya fara cin allin, biyun ta soma dishewa. Muntari ya ɗauko sabon alli ya bi ta kanta a hankali, ya bi ta kan ɗayan, ya bi ta kan saba'in da takwas. Sannan ya ja ƙofa ya tafi masallaci.